Ranar da Kakaki Ta Sauka Daga Kujera

Shafi na 17

Salamu alaikum masu bibiya. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce za ta zo ta ƙwace wayata ta ƙarasa labarin da kanta. A yi haƙuri, gyaran takardun ɗalibai ne ya riƙe ni.

Ga wanda yau ne shigowarsa, ga inda muka tsaya. A sashen kimiyyar siyasa akwai wani kwas na 'yan shekarar ƙarshe da ake kira Majalisar Gwaji. A kwas ɗin nan Malam ba ya tsayawa gaban allo. Ranar farko yake miƙa wa ɗalibai kujerarsa, ya koma bencin baya, ba ya sake cewa uffan sai ƙarshen zango. Su za su zaɓi kakaki, su rabu gida biyu, gwamnati da adawa, su riƙa zama bisa dokokinsu. Bana an yi wa manhaja garambawul, an cire kwas ɗin, saura hukumar jami'a ta amince. Majalisar ɗaliban ta aika wa Shugaban Sashe sammaci ya zo ya yi bayani. Abin da ajin bai sani ba shi ne, Kakakin da ta sa hannu a sammacin 'yar ƙanwarsa ce, kuma a gidansa take zaune.

Kamar kullum, Kawu, wato Shugaban Sashen, ya tsayar da motar a kwanar mai gyaran takalma, nesa da ƙofar jami'a. A nan Kakakin take sauka tun shekararta ta farko, ta ƙarasa da ƙafa. Dokarsa ce. Kada kowa a sashen ya san alaƙarsu, don kada a ce da hannunsa take cin jarrabawa.

Ta kama marfin ƙofar, ta ji shi a kulle.

"Ki ɗage zaman nan," in ji Kawu, idonsa na kan titi.

"Kawu, ba ni da ikon ɗage shi."

"Ba ke ce Kakakin ba?"

"Ni ce. Amma majalisa ce ta kaɗa ƙuri'a, ni sanarwa kawai na yi."

"To ki ce musu maƙogwaronki na ciwo."

"Kawu, ai ka ji ni da safe ina faɗa da yara a kan cajar waya. Muryata lafiya ƙalau take."

Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya murza idonsa.

"Uwarki ta ba ni amanarki ne don ki yi digiri. Ba ta ba ni ke don ki gurfanar da ni gaban yara kamar wanda aka kama da akuyar mutane ba."

"Tambaya ce kawai za su yi."

"Akwai tambayar da amsarta ba ta da daɗin ji, ɗiyata."

"Sai mu ji ta a hakan. Mun fi son mu ji da a ce mana kawai an yanke."

Ya juyo ya dube ta sosai.

"Idan na shigo ɗakin nan, ba kawunki ne zai shigo ba."

"Ni ma ba 'yarka za ka tarar a kujera ba, Kawu."

Makullin ƙofar ya yi ƙara.

"Ki riƙe maganar nan da kika faɗa," ya ce. "Sauka."

Bayan azahar ɗakin ya cika. Har 'yan shekara ta uku sun leƙo ta taga, domin su ne za su rasa kwas ɗin baɗi. Fankar tsakiya na ta ƙugi ba ta ba da iska. A kan teburin gaba an kwantar da sandar majalisa, wadda asalinta sandar goge daɓe ce aka shafa mata fentin ruwan zinare. Wanda duk ya yi mata dariya a zaman farko, yanzu miƙewa yake idan an shigo da ita.

Kakaki na zaune da gudumar katako a hannu. A gefenta Mataimaki ne, wanda ajin ke kira Sanyi, saboda in yana magana sai an kashe fanka ake jin sa. A bencin baya, can kusurwa, Malam ne da farin gemunsa da gorar ruwansa, ya ɗora haɓa a kan sandar da yake dogarawa.

Shugaban Sashe ya shigo riƙe da fayil, ya nufi wurin da malamai ke tsayawa.

Mai Sanda, wani ƙaton ɗalibi mai kula da tsarin zama, ya sha gabansa cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, baƙo a nan yake zama."

Ya nuna masa kujerar roba a tsakiyar ɗaki.

Wani ya ƙyalƙyale da dariya daga taga. Kakaki ta buga guduma sau ɗaya, dariyar ta ɗauke. Shugaban Sashe ya dubi kujerar, ya dubi Kakaki, sannan ya zauna.

"Majalisa na maraba da Shugaban Sashe," ta ce. "Jagoran Adawa, bismillah."

Dogo ya miƙe. Shi ne jagoran adawa, kuma tun da ta kayar da shi a zaɓen kakaki bai taɓa barin ta ta huta ba. Yau dai bakinsu ɗaya.

"Ranka ya daɗe, me kwas ɗinmu ya yi aka cire shi?"

"Bai yi komai ba. Wuri ne babu."

"A ina wurin ya tafi?"

"Ka taɓa duba manhajarku daga farko har ƙarshe?" Shugaban Sashe ya buɗe fayil amma bai kalle shi ba. "Shekarar farko gabatarwa da tarihin tunanin siyasa. Ta biyu tsarin mulki da kwatanta gwamnatoci. Ta uku dangantakar ƙasashe da gudanar da aikin gwamnati. Ta ƙarshe aikin bincike. Duk karatu ne mai kyau. Amma ɗalibinmu zai fita ya je neman aiki, a ba shi sakamakon jin ra'ayin jama'a a ce ya fassara, ya tsaya yana kallon lambobi kamar an ba shi rubutun aljanu. Muna buƙatar kwas na ƙididdiga da nazarin bayanai. Awannin zango ba roba ba ne da za a ja su. Sai an cire wani kafin wani ya shiga."

Maganar ta shige su, domin kowa a cikinsu yana da yaya ko ɗan unguwa da ke zaune da digiri a gida.

Dogo ya gyara tsayuwa.

"Mun yarda muna buƙatar ƙididdiga. Ni kaina in na ga jadawali zazzaɓi nake ji. Amma akwai kwas biyu a shekara ta biyu da ta uku da abu ɗaya ake maimaita mana, har misalan ba a canzawa. Me ya sa ba a haɗe su ba?"

"Kwamiti ya duba wannan."

"Me ya gani da ya duba?"

"Ya ga abin da ya gani."

"Kai!" wani ya ce daga baya. "Wannan amsar ai ta gidan gwamnati ce."

Guduma ta sake sauka.

"To wa ya kawo shawarar a cire Majalisar Gwaji?" Dogo ya tambaya. "Ai shawara ba ta faɗowa daga silin. Mutum ne ya buɗe baki ya faɗe ta."

"Ba zan amsa wannan ba."

Dogo ya juya ga kujera. "Mai girma Kakaki, a ba mu hukunci."

Duk idanu suka koma kanta.

"Baƙon da ya amsa sammaci ya amince da dokokin zama. Tambayar tana kan hanya. Shugaban Sashe zai amsa."

Kawu ya rufe fayil ɗin a hankali. Ta san wannan rufewar. Haka yake rufe jarida a gida idan wani ya kai shi bango.

"Tunda dokokin zama ake so, ina da ƙorafi a kan doka."

"Baƙo ba ya..."

"Baƙo yana iya kawo ƙorafi idan ya shafi adalcin zaman. Magatakarda, duba ki gani."

Magatakarda ta shiga buɗe shafuka. Kafin ta gano wurin, shi ya karanto da ka, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Kakakin da ke da dangantaka ta jini da wanda aka kira ba zai jagoranci zaman ba. Zai bayyana dangantakar, ya sauka daga kujera."

Magatakarda ta ɗago kai, bakinta a buɗe. "Haka take, kalma da kalma. Ranka ya daɗe, a ina ka..."

"Ni na rubuta ta. Ni ne kakakin farko na wannan majalisa. Waccan sandar ma ni na shafa mata fenti."

Guna-guni ya tashi. Dogo ya ɗaga hannu.

"To mun ji tarihi. Amma me ya kawo dokar nan yau?"

Kawu bai dube ta ba da ya faɗa.

"Mahaifiyar Kakakinku ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A gidana take. A motata ta zo yau da safe."

Sai ɗakin ya fashe.

"Lallai! Ashe 'yar gida ce!"

"Shi ya sa makinta ba ya sauka!"

"Mu muna kwana kan littafi, wasu suna kwana gidan mai jan biro!"

Wannan maganar ce ya shafe shekaru yana kare ta daga gare ta. Saboda ita take sauka a kwanar mai gyaran takalma, ruwa ko rana. Yau shi da bakinsa ya buɗe mata ƙofa.

Dogo bai shiga ihun ba. Ya tsaya yana kallonta.

"Mai girma Kakaki, gaskiya ne?"

Ta buga guduma. Ba su yi shiru ba. Ta sake bugawa har sai da ƙura ta tashi daga teburin.

"Gaskiya ne. Kawuna ne."

"Me ya hana ki faɗa?"

"An ce kada in faɗa, na bi. Amma ranar da na sa hannu a sammacin nan ya kamata in faɗa, ban yi ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. In an gama, majalisa ta hukunta ni yadda ta ga dama. Wanda kuma yake shakkar makina, ya kawo ƙudiri a ɗauko takarduna a ba wani malami daga wani sashe ya sake dubawa. Ni zan fara ɗaga hannu."

Kawu ya miƙe ya saɓa fayil a hammata.

"To tunda babu kakaki, ina ganin zama ya ƙare. Ina da taro."

"Akwai kakaki, ranka ya daɗe."

Ta tashi daga kujerar, ta juya ga Sanyi, ta miƙa masa gudumar da hannu biyu.

Sanyi ya ja baya kamar wuta ta miƙo masa.

"Ni? Wallahi ban shirya ba."

"Da ka tsaya takarar mataimaki me ka zata?"

"Na zata ba za ki taɓa yin rashin lafiya ba."

"Karɓi. Abin da kawai za ka yi, wanda ya ɗaga hannu ka ba shi dama."

Ya karɓa, ya ɗosana a bakin kujerar. Ita kuma ta sauko, ta ratsa ta gaban Kawu, ta zauna a bencin 'yan majalisa kusa da Dogo. Kafin mayafinta ya gama sauka a kafaɗa, hannunta na sama.

Sanyi ya yi wata magana.

"Ba mu ji ba!" in ji 'yan taga.

"Na ce... 'yar majalisa tana da dama."

Kawu ya juyo. "Wace dama? An sauke ta."

"Daga kujera na sauka, ranka ya daɗe, ban fita daga majalisa ba. Dokar da ka rubuta ta hana ni jagoranci, ba ta hana ni magana ba. Tun farkon zangon nan nake zaune can sama ina ba wasu dama, domin kakaki ba ya tambaya. Yau ka sauko da ni inda ake tambaya. Na gode."

Dogo ya buga benci da tafin hannu. Wasu suka bi shi, har da biyu daga cikin masu ihun ɗazu.

Mai Sanda ya matso da kujerar robar. "Ranka ya daɗe, ba a sallami baƙo ba tukuna."

Kawu ya dubi kujerar. Sannan ya zauna.

"Ranka ya daɗe," ta fara, "ka ce ɗalibanmu ba sa iya karanta lambobi. Gaskiya ne, a koya mana. Amma mun shekara uku muna rubuta wa malamai ma'anar bin ba'asin shugabanni, muna cin maki, alhali babu ɗayanmu da ya taɓa tsayawa gaban babba ya tambaye shi dalili. A ɗakin nan muka fara. A nan Dogo ya koyi faɗuwa zaɓe ya dawo washegari ya zauna."

"Da ƙyar," in ji Dogo.

"A nan na koyi ba wanda ba na so dama ya yi magana. A nan Sanyi yake koyon ɗaga murya yanzu haka, kowa na gani. Wane kwas ne a cikin sabuwar manhajar zai koya wa waɗancan na taga wannan?"

"Babu," Kawu ya ce.

Amsar ta zo da sauri har ita kanta ta ɗan rikice.

"Ka yarda babu?"

"Na yarda."

"To kai da ka fara riƙe gudumar nan, kai da ka shafa wa sandar nan fenti, yaya aka yi hannunka ya iya soke shi?"

"Hannuna bai soke shi ba."

"Kai ne shugaban kwamitin."

"Ni ne. Kuma ni kaɗai na ƙi amincewa. Na kawo maganar haɗe kwasa-kwasan nan biyu da abokinki ya faɗa, na yi musu har muryata ta dushe. Aka kaɗa ƙuri'a, aka kayar da ni. Shugaban da aka kayar a kwamiti yakan fito ya kare abin da aka yanke. Wannan ma a ɗakin nan na koye shi."

Ta sake fuskantarsa.

"To in ba kai ba ne, wa ya kawo shawarar?"

"Na ce ba zan amsa ba."

"Kujera ta riga ta yanke hukunci za ka amsa."

"Kujerar da ta yanke ba ta da hurumi."

"To ga sabuwar kujera nan." Ta juya. "Mai girma Kakaki?"

Sanyi ya dubi Shugaban Sashe, mutumin da zai sa hannu a sakamakonsa na ƙarshe. Ya dubi gudumar.

"Zai amsa," ya ce. Wannan karon har 'yan taga sun ji.

Kafin Kawu ya amsa, wata murya ta riga shi.

"Ni ne."

Muryar daga bencin baya ta fito. Muryar da ba su ji ba a ɗakin nan tun ranar farko.

Suka waiga gaba ɗaya. Malam na nan yadda yake, haɓarsa a kan sanda.

"Ni na kawo shawarar," ya sake cewa. "Ni na roƙi kwamiti ya cire shi. Ku ƙyale bawan Allahn nan."

Guduma ta sauka da ƙarfin da ya sa kowa ya zabura. Shi kansa Sanyi sai da ya firgita.

"Malam, ba a ba ka izinin magana ba."

Malam ya sunkuyar da kai. "Na karɓi gyara, mai girma Kakaki."

Ita kuwa tana tsaye tana kallon Malam. Saboda dattijon nan suka yi ta zirga-zirga ofis-ofis. Saboda shi ta tsaya a mota da safe ta mayar wa kawunta magana. A zatonta ƙwace masa kwas ɗin aka yi, ya yi shiru don kawaici.

Ta ɗaga hannu a hankali.

"Mai girma Kakaki, ina da ƙudiri. Majalisa ta sallami Shugaban Sashe da godiya. Ta kira Malam ya zo ya zauna a kujerar nan ya faɗa mana dalili."

"Na mara mata baya," in ji Dogo, ko miƙewa bai gama yi ba.

Kawu ya tashi daga kujerar robar. Maimakon ya nufi ƙofa, sai ya matso dab da ita, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji. Fuskar Shugaban Sashe ta tafi, ta kawunta ce ta dawo.

"Ɗiyata, ki janye. Ban taɓa roƙonki komai ba, yau ina roƙonki. Na yarda a zage ni, na yarda na tona ki, duk don kada a kai ga wannan. Kada ki sa shi ya faɗi dalilin nan a gaban mutane."

"Mene ne dalilin, Kawu?"

"Ba nawa ba ne da zan faɗa."

Ta dubi bencin baya. Malam ya riga ya fara miƙewa. Sai yau ta lura da yadda yake lalubar gefen bencin kafin ya saki, da yadda hannunsa ke rawa a kan sandar.

"'Yar majalisa," Sanyi ya kira ta, "ƙudirinki yana nan, ko kin janye?"

Kawu ya girgiza mata kai.

Ta dubi 'yan taga, waɗanda baɗi ba za su sami ɗakin nan ba. Ta tuna abin da Malam ya faɗa ranar da ya miƙa musu kujera, cewa duk wanda ya yanke wa mutane hukunci, ko shi ne, a kira shi ya yi bayani.

Ta ja kujerar robar da kanta, ta juya ta ta fuskanci majalisa, ta goge ta da gefen mayafinta.

"Yana nan," ta ce. "Malam, bismillah. Majalisa na jiranka."